Yatsa Huɗu

Ni na jera mata haruffa shekara talatin da ɗaya,
in na yi magana a kan Hester Barraclough
ba ji-ta-ji-ta na kawo muku ba.

Mahaifinta ya saƙa ulu a Halifax,
masaƙarsa ta tufatar da sojojin da ba su dawo ba.
Da ya rasu ya bar mata dogayen bututun hayaƙi biyu
da kuɗin da ƙirga su ma wahala ce.
Ta ce, "Clement, shinshina takardar fam ɗin nan,
warin jiƙaƙƙen tumaki take."
Na shinshina, ban ji komai ba.
Amma mai kuɗi in ya ce ruwa na da ƙashi
sai ka tauna a hankali.

A tsohon ɗakin rini ta kafa injin ɗab'i,
bangon shuɗi ne har kafaɗa.
Mun buga mawaƙan da ba mai nema,
ɗari uku kowane littafi,
a sayar da arba'in in kasuwa ta yi kyau,
sauran ɓeraye suka fi kowa nazarinsu.
Akwai wani Lionel, ta biya masa haya shekara shida,
har haƙoran roba ta saya masa,
ya saka mata da baiti goma sha biyu na zambo.
Ta karanta, ta gyara masa waƙafi guda,
ta ce in buga.

Sai kyamara ta iso daga Jamus cikin akwatin katako,
da mariƙi irin na injin niƙa.
Ba labari take so ba, babu masoya, babu ɓarawo.
Ta kwanta rubda ciki a daɓen masaƙa, cikin rigar alharini,
hannuwa kawai take ɗauka.
Hannu ya kama zare, hannu ya saki,
inuwar ƙoshiya ta gilma a kan tafi,
tururi, taga,
ɗigon ruwa da ta juya shi ya koma sama.
Minti goma sha ɗaya.
Wata bakwai tana yankawa tana liƙawa
har idonta ya yi ja.

Aka nuna shi a zauren coci wata Asabar mai ruwa.
Aka yi dariya. Wani ya ɗaga murya, "Ina kawunansu?"
Fasto ya duba agogonsa sau uku.
Sai Ada Sutcliffe ta miƙe daga layin baya
ta ce, "Wancan nawa ne."
Hannun da ya cika farin ƙyalle, ya fi mutum tsawo,
yatsa huɗu gare shi.
Na biyar injin mahaifin Hester ya cinye
tun Ada na shekara sha uku.
Zaure ya yi tsit, sai ƙarar majigi.
Ita ta zaci haske da motsi take ɗauka,
ashe bashin gidansu ta haska a bango.

Kada ku ce daga nan ta tuba ta ajiye kyamara.
Ta yi huɗu bayansa, biyu ma ba su kallo.
Ta dai aika wa Ada ambulan mai kauri,
ya dawo ba a buɗe ba,
da saƙo: kujerar gaba nake so, duk ranar da za a nuna.

Kuɗin suka tsiyaye kamar ruwa a kwando.
Aka rushe bututun, ɗaya bayan ɗaya.
Ta ƙare a ɗaki biyu saman kantin magani,
tana dafa ganyen shayi ɗaya sau biyu.
Gwangwanayen fim suka fara wari,
suka yi danƙo, suka koma jan gari.
Mu tara ne a maƙabarta.
Lionel bai zo ba, wai mura.

Abin da ya saura a wurina bai fi taƙi biyu ba.
Nakan ɗaga shi a taga da hantsi:
hoto goma sha shida, daƙiƙa ɗaya,
hannu yana buɗewa.
Ban san abin da zai kama ba,
a nan almakashi ya bi.